Duwatsun da Hedimasta Meshak Ya Wanke

A Kafanchan akwai wani dattijo mai suna Malam Meshak, wanda kowa ke kira Hedimasta ko da yake ya yi shekara takwas da yin ritaya. Mutum ne mai tsafta da kiyaye lokaci, ba ya shan giya, ba ya fashin sujada. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: ba a koya masa abu. Shekara talatin da biyar ya yi a gaban allo, shi ke tambaya wasu na amsawa, har ya manta yadda ake buɗe baki a ce "ban sani ba". In kuwa mai ba da shawarar mace ce, to gara ta adana yawun bakinta.

A kusurwar falonsa akwai ɗan tankin gilashi mai ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai duwatsu masu ramuka, sun yi duhu-duhu da ja-ja. A kansu murjani mai rai yake, ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba, wannan buɗewa yake kamar fure yana kaɗawa cikin ruwa. Sai kifaye biyu ƙanana masu launin lemo da farar ɗamara, kullum tare suke.

Tankin na Jacinta ne, autar Hedimasta. Ta yi karatun halittun ruwa a Kalaba, ta yi aiki a Legas. Da ciwo ya kama ta, ta bar gado da kujeru a can ta dawo gida, amma bokitin kifayen nan a kan cinyarta ta riƙe shi tun daga Legas har Kafanchan. Da hannunta ta jera duwatsun. Wata bakwai ta yi tana jinya, kuma a cikin watannin nan ta koya wa mahaifiyarta, Lai'atu, yadda ake riƙon tankin. Bayan haka Ubangiji ya kira Jacinta.

Shekara shida ke nan Lai'atu na riƙe da amanar. Kowace safiya takan ba kifayen abinci, su zo su tsattsage shi daga yatsunta kamar yadda suka saba yi wa Jacinta. Duk sati biyu takan canza bokiti ɗaya na ruwan, da ruwan da ta tace a wata 'yar na'ura mai ɗiga a hankali, ta dama shi da gishirin teku da ake kawo mata daga Legas. In batirin sola ya yi sanyi famfo ya tsaya, sai ta zauna da kofi tana ɗiba tana zubawa har rana ta fito. Ba ta taɓa kiran wannan wahala ba. A wurinta, kifayen nan da duwatsun nan su ne abu na ƙarshe mai rai da hannun 'yarta ya taɓa.

Shi kuwa Hedimasta ko cokalin abincinsu bai san inda ake ajiyewa ba. Amma bari baƙi su shigo! Nan da nan zai miƙe ya tsaya gefen tankin, hannu ɗaya a baya, yana bayani kamar shi ya halicci teku. Rabin abin da yake faɗa ba daidai ba ne. Lai'atu takan ji, ta yi murmushi, ta wuce kicin.

Bana Allah ya buɗa masa, ya gyara gida. Aka fasa bango falo ya ninka, aka sa tayil da sabon silin. Aka sa ranar addu'ar buɗe gida, aka buga kati, aka gayyaci Rabaran da dattawan ikilisiya da zumuntar mata. Saura sati biyu, Dattijo Simon, abokin hamayyarsa tun suna kwalejin horon malamai, ya leƙo ganin aiki. Ya dubi falon, ya dubi kusurwa, ya yi dariya.

"Hedimasta, wannan uban falo haka, sai 'yar kwalbar kifi a lungu? Ai na ɗauka za ka kawo mana tekun gaba ɗaya."

Wasa Simon yake yi, amma maganar ta tsaya wa Meshak a rai. Washegari da safe ya sa hularsa ya nufi shagon Uloma kusa da tashar jirgi. Uloma 'yar gidan Onyekwere ce, iyayenta ma'aikatan jirgin ƙasa ne, a nan aka haife ta. Ƙawar Jacinta ce tun suna firamare, kuma ita ke yi wa Lai'atu odar gishiri da abincin kifi. Ta gaishe shi, ta ba shi kujera, ta nuna masa tankuna uku a wayarta.

"Wanne ya fi girma?" in ji shi.

"Wannan, Baba, ƙafa shida ne. Amma na tsakiyan shi ne daidai gidanku. Babban ba shi da laifi, in ya zauna ma ya fi daɗin riƙo. Sai dai solarku ba za ta ja famfunansa ba sai an ƙara batir. Gishirin da ke hannuna ko rabinsa ba zai haɗa ba, sai mota ta zo nan da sati uku. Kuma na'urar Mama sai ta yi fiye da kwana goma tana ɗiga kafin ta cika shi."

"Na tambaye ki wanda ya fi girma, ban tambaye ki wanda yake daidai ni ba."

Uloma ta haɗiye maganar. "To, Baba, ko wanne ka ɗauka, abu ɗaya nake roƙo. Sabon tanki sai an ba shi kamar sati shida. A cika shi, a kunna famfo, a riƙa ɗauko tsofaffin duwatsun ɗaya-ɗaya cikin ruwansu, kada su bushe. Duhun nan da kake gani a jikinsu rai ne, akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi. Kifayen su ne na ƙarshe da za su shiga."

"Sati shida! Biki saura sati biyu."

"Sai a yi biki da ƙaramin, Baba. Babban ya jira."

Meshak ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "Yarinya, na koyar da kimiyya tun ba a haife ki ba. Ruwa da gishiri ne, ba tiyatar zuciya ba. A kawo mini babban."

Ranar Talata ta satin biki, ƙarti shida suka shigo da tankin suna nishi, aka ɗora shi kan teburin ƙarfe a tsakiyar bangon falo. Lai'atu ta zagaya shi, ba ta ce yana da kyau ba, ba ta ce ba shi da kyau ba. Uloma ta riga ta kira ta ta gaya mata komai. Washegari za ta tafi Manchok taron zumuntar mata na kwana uku, sai Asabar da safe za su dawo tare da matan da za su yi waƙa a bikin. Da ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki jakarta, ta tsaya a gabansa.

"Baban Jacinta, ga abincinsu na auna maka a takarda uku, ɗaya kowace safiya. Babban tankin naka ne, ka yi yadda ka so da shi. Amma ƙaramin nan, don Allah kada ka taɓa shi. Ka yi mini alkawari."

"Haba, Maman Jacinta, sai ka ce yaro? Je ki abinki."

"Alkawari nake so."

"Na yi," in ji shi, idonsa na kan jarida.

Jama'a, ƙarar mashin ɗin da ya ɗauke ta ba ta gama ɓacewa ba ya naɗe hannun riga. Ya duba 'yar na'urar tace ruwa tana ɗiga ɗis, ɗis, ya yi tsaki, ya jona tiyo daga tankin rijiya ya cika gilashin cikin awa biyu. Ya juye gishirin Uloma, ya ɗanɗana ruwan da yatsa, ya ji bai yi ba. Sai ya tafi kasuwa ya sayo gishirin miya ƙulli-ƙulli ya ƙara, har harshensa ya ce masa ya yi. Harshe fa! Ga ma'aunin gishirin Jacinta a rataye a bango, bai san yadda ake duba shi ba, kuma ba zai tambaya ba.

Ranar Juma'a ya juyo kan ƙaramin tankin. A ransa ya ce alkawarin da aka yi wa mace don hankalinta ya kwanta ba alkawari ba ne, in ta dawo ta ga aikin ita da kanta za ta gode masa. Ya kwashe kifayen da murjanin ya zuba a robar wanki. Ya ɗago dutse na farko, ya juya shi a hannu, ya yamutsa fuska. A gidan nan an wanke labule, an goge taga, an yi wa itatuwan ƙofar gida farin fenti, har tukwanen da ba za a yi girki da su ba an dirje su, don haka ake yi in za a tari baƙi. Yaya za a ce Rabaran ya shigo sabon falo ya ga duwatsu masu gansakuka a gidan Hedimasta, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana duba farcen yara a layi?

Ya kai su bakin rijiya. Ya kawo garin sabulu da soson ƙarfe ya hau dirza. Ƙananan tsutsotsi da dodon-koɗi da wasu 'yan halittu masu ƙafafu suka riƙa fitowa daga ramukan suna mutsu-mutsu cikin kumfa.

"Ka gani ko!" ya ce shi kaɗai. "Shekara shida ana kiwon ƙazanta a falona."

Ya ɗauraye su, ya shanya a kan siminti kamar yadda suke shanya citta a Fadan Kagoma lokacin yana yaro, yana juya su don kowane gefe ya sha rana. Wani wari ya tashi, shi kuwa ya ɗauka dattin ne ke fita. Kafin la'asar duwatsun sun yi fari fat. Tsohon ruwan kuma, ruwan da Lai'atu ta yi shekara shida tana lallaɓawa bokiti-bokiti, ya kinkima ya watsar a kwata. Ya wanke ƙaramin tankin shi ma da sabulu ya kife a sito.

Yana cikin jera fararen duwatsun a sabon tanki wayarsa ta yi ƙara. Uloma ce.

"Baba, ina wuni? Na ce bari in ji lafiyar kifayen. Ba a dai taɓa ƙaramin ba ko?"

"Komai lafiya lau," in ji Meshak, dattijon ikilisiya guda, ya kashe waya. Ya ɗauki roba ya juye kifayen da murjanin cikin sabon ruwa. Ya ja da baya ya harɗe hannu. Gaskiya a ido abin ya yi kyau, kuma ido kaɗai ya dame shi.

Asabar da safe ya fito cikin sabuwar babbar riga, ya leƙa tankin. Ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Murjanin duk ya tsuke, yana fitar da wani yauƙi. Kifayen biyu suna can sama, bakinsu a fuskar ruwa, suna buɗewa suna rufewa da sauri. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san halittar da ke neman numfashi in ya gan ta.

Wayar na hannunsa. Lambar Uloma ce ta farko a jerin kira. Shagonta bai fi minti goma a mashin ba, kuma ya san tana ajiye haɗaɗɗen ruwan teku a jarka saboda irin wannan rana. Ƙarfe bakwai ne, baƙi sai goma. Kalma uku kawai ake nema daga bakinsa: "ban sani ba". Ya dubi lambar, ya tuna yadda ya ce mata yarinya, ya tuna yadda ya ce komai lafiya lau. Sai ya mayar da wayar aljihu. Ya ce wa kansa baƙunta ce, za su saba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko farin zanen gado ya lulluɓe tankin, ya ɗaura jan kirtani a gefe, irin yadda suke yi a makaranta in babban baƙo zai buɗe sabon aji. Wannan shi ne abin da ya fi komai ban haushi a labarin nan: ya gani da idonsa, ya rufe.

Motar matan ta makara a hanya. Sai da falo ya cika suka iso cikin zane iri ɗaya, da gangunansu da tukunyar kiɗa, suna waƙa tun daga ƙofa. Lai'atu na tsakiyarsu. Tana shigowa idonta ya tafi kusurwa, ta ga teburin babu komai a kai. Waƙar ta tsaya a bakinta. Ta ratsa mutane ta zo kusa da shi.

"Baban Jacinta, ina tankin?"

"Ki zauna, baƙi na kallo. Yanzu za ki gani."

"Ina kifayen?"

"Na ce ki zauna!"

Ta zauna, don ba ta saba kunyata shi a gaban mutane ba. Rabaran ya yi karatu, ya yi addu'a ya keɓe gidan. Sannan Hedimasta ya karɓi makirufo. Ya fara daga haihuwarsa a Fadan Kagoma, ya bi makarantun da ya shugabanta ɗaya bayan ɗaya, ya yi bayanin tayil da silin. Minti arba'in cur yana magana, zanen nan na lulluɓe. A ƙarshe ya dubi Simon ya ce, "Akwai wanda ya ce in kawo masa teku. To ga shi." Ya ja kirtani.

Wasu sun fara tafi, sai tafin ya mutu a hannunsu. Ruwan ya zama kamar koko, wari ya bugi na kusa. Murjanin ya narke ya bar farin ƙashi. Babban kifin na yawo a sama, ciki a sama. Ƙaramin yana kwance a ƙasa kan gefensa, kusa da wani farin dutse, kuncinsa na motsi da ƙyar.

"Wayyo Yesu!" Lai'atu ta yi ƙara. Ta cusa hannu cikin ruwan har kafaɗa, da sabon zanenta da komai, ta tallabo ƙaramin a tafin hannu. Uloma ta ture kujeru ta iso da kwano.

"Baba, ina tsohon ruwan? Maza, tsohon ruwan! Ko kofi ɗaya ne!"

Meshak ya buɗe baki. Makirufo na hannunsa har yanzu, don haka kowa ya ji.

"Na zubar."

"Duwatsun fa? Ina duwatsun Jacinta?"

Ya nuna cikin tankin. "Su ne waɗannan. Na wanke su."

Uloma ta dubi fararen duwatsun, ta dafe kai da hannu biyu. Ta juya za ta ruga shago, Lai'atu ta ce mata, "Bari, 'yata." Ta buɗe tafin hannunta. Kifin ya daina motsi.

Lai'atu ta ɗauko ɗayan ma, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe su a ciki. Sannan ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Baban Jacinta. Shekara arba'in da ɗaya ina gidanka, abu ɗaya. Yau ka sa na binne ta sau biyu."

Ta fita ta bayan gida, matan zumunta suka bi ta. Shinkafa da naman da aka dafa suka yi sanyi a kuloli. Baƙi suka riƙa sulalewa da ɗaiɗai. Simon ne na ƙarshe, ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, ya ce, "Hedimasta, ni fa wasa nake yi."

Da yamma Meshak ya sami Lai'atu a gindin mangwaro, inda ta tona ɗan rami ta rufe. Ko a lokacin bai fara da neman gafara ba.

"Zan sa a kawo wasu daga Legas. Irinsu sak. Goma ma in kina so."

Ta ɗago ta dube shi. "Waɗanda za ka sayo, sun san hannunta?"

A nan ne ya zauna a ƙasa cikin babbar rigarsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar 'yarsa. Ya ce, "Ban sani ba, Lai'atu. Ban san komai a kai ba." Kalmomin sun fito, amma sun makara da awa goma.

Lai'atu ta yafe masa, don mace ce mai tsoron Allah. Ta ci gaba da yi masa girki, suna tafiya sujada tare. Bayan wata biyu Meshak ya koma shagon Uloma da littafi da biro, ya zauna a benci kamar ɗan aji ɗaya, tana faɗa yana rubutawa. Aka zubar da ruwan, aka ƙara batir, aka jira gishiri, aka jira na'ura ta gama ɗiga. Ya jira sati shidan da ya raina, har ya ƙara biyu. Yau akwai kifaye a babban tankin, suna da kyau, shi ke ba su abinci da kansa. Amma Lai'atu ba ta taɓa sa hannu a ruwan ba. In za ta wuce falo, gefen bango take bi. Ƙaramin tankin ta ɗauko shi daga sito ta ajiye a ɗakin Jacinta, babu ruwa a ciki, kowace safiya takan shiga ta goge shi.

Mai karatu, darasin a fili yake. Son babban abu ba laifi ba ne, amma kafin ka zaɓa ka tambayi waɗanda suka sani, ka ji ko za ka iya riƙe shi, ka kuma ba shi lokacin da yake bukata ko da ranar bikinka za ta wuce. Kada shekarunka ko muƙaminka su hana ka koyo daga matarka ko daga wadda ka girma. Abin da ba ka gane ba kada ka kira shi datti, wataƙila shi ke riƙe da ran wani. In ka yi alkawari ka cika. In kuma ka yi kuskure ka gani, ka faɗa tun da sauran lokaci, kada ka lulluɓe shi don gudun kunya. Meshak ya sami tankin da ya fi na kowa girma a Kafanchan, amma abin da ya wanke a bakin rijiya ranar Juma'ar nan babu kasuwar da ake sayar da shi.